Tokar Jirgi da Doyar Babana

Shekarun baya, baya can kafin yaƙin basasa, lokacin da Minna ba ta wuce garin tasha ba, kukan jirgin ƙasa ne agogon kowa, na taɓa zama likitan ƙasa na damina ɗaya. Ba wanda ya naɗa ni. Ni tela ne, almakashi na sani, garma kuwa tun ina yaro muka raba gari da ita. Jikokina ne suka ce in ba ku labarin a nan, don su kam sun ji shi har ya ishe su.

Mahaifina manomin doya ne a Beji. Shekarar da mahaifiyata ta rasu, gobarar daji ta cinye rumfar da yake ajiye doya, gwiwarsa kuma ta ƙi shi, ko rafi ba ya iya zuwa. Na je na ɗauko shi ya dawo wurina a unguwar Tunga, cikin Minna. Da ƙullin kayansa ya zo da kwando ɗaya na irin doya, abin da aka iya tsamowa daga wutar ke nan. A cikin mota bai yarda an ɗora kwandon a sama ba, a cinyarsa ya riƙe shi har muka iso.

Doyar nan gado ce, daga mahaifinsa ya karɓe ta. Ba ta girma sosai, shi ya sa mutanen ƙauyen duk suka bar ta suka koma wa manya masu shiga kasuwa. Amma fara ce sol, fatarta siririya, in aka kirɓa sakwararta sai ka ja loma tana biyo ka. Shi kaɗai ya rage yana nomanta. Irin doya kuma ba kamar na dawa ba ne da za ka zuba a tulu ka manta. In damina ta wuce ba ka binne shi ba, ya tafi ke nan. Wato in abin da ke cikin kwandon nan ya mutu, an gama da doyar gidanmu a duniya.

Gidan da muke ciki na surukina ne, mahaifin matata, shi ya ba mu muka zauna. Tsohon ma'aikacin loko ne, inda ake gyaran kan jirgi, iyayensa sun biyo layin dogo daga arewa suka zauna a Sabon Gari. Mutum ne mai fara'a, mai son ya yi maka alheri tun kafin ka buɗe baki. Da ya ji babana zai yi shuka a bayan gida, sai ya zo ya duba filin. Wurin kwari ne, da damina ruwa ke kwanciya.

"Haba, a wannan taɓon za a sa surukina ya yi noma?" in ji shi. "Ku bar min, zan aiko a gyara."

Washegari sai ga amalanke na bin amalanke. Tokar jirgi ce, wadda ake kwashewa daga cikin injin bayan kwal ya cinye, baƙa, mai ƙurajen dutse kamar ƙonannen ƙanzo. Aka haɗa da baraguzan wani gini da aka rushe a maƙwabta, aka baje, aka daidaita. A Minnar wancan lokaci haka kowa ke yi. Duk gidan da ke da ɗan'uwa a loko, tsakar gidansa baƙa ce, ba taɓo, ba santsi, kuma abin alfahari ne.

Babana ya ji daɗi ƙwarai. A ƙauye ai tokar murhu taki ce, mata har ɓoye ta suke yi don lambunsu. Ya kama hannun surukina da hannu biyu yana godiya da Hausarsa ta kasuwa, wadda komai "shi" ne a cikinta, mace da namiji. "Malam, toka yana da kyau, doya yana son shi." Duk muka yarda toka toka ce.

Babana ne ya tayar da tuddan da kansa, yana ɗingishi, yana hutawa a kan turmi. Abu ɗaya kawai ya ce min da yarenmu: garmar tana kuka wani iri, kamar mai tauna shinkafa da tsakuwa. Ya binne irin duka, ya rufa wa kowane tudu hular ciyawa, ya kafa sanduna. Ruwa ya sauka, doya ta tsiro, muka yi murna.

Daga nan abin mamaki ya fara. Fili ɗaya, iri ɗaya, hannu ɗaya ne ya shuka, amma ciwo kala-kala. Na tsakiya, inda tokar ta fi yawa, ana ɗauke ruwa sai ka ga tudun ya bushe ƙayau kamar ba a yi ba, da rana kuma in ka dafa shi sai ka janye hannu don zafi, bakin yaɗon duk ya ƙone. Na jikin katanga ganyensu ya yi ɗorawa, jijiyoyin ganyen kaɗai suka rage kore. Na lungun yamma kuwa ruwa ba ya shiga ƙasarsu sam, sai ya dunƙule yana gangarewa, inda ya taru kuma ka ga kala-kala tana yawo a kansa.

Ni fa Allah ya yi ni da bin ƙwaƙƙwafi. Tun ina koyon ɗinki, in na ga riga mai kyau sai na juya cikinta na ga yadda aka haɗa. To abin nan ya hana ni sakat. Ina taka keke a shago, hankalina yana bayan gida. Har wuyan rigar wani mutum na ɗinke ruf, ya zo karɓa ya rasa ta inda zai sa kai.

Wata safiya matata tana goge tukunyar ƙarfe da lemun tsami a gindin katanga, sai ta kira ni.

"Malam, zo ka ga ikon Allah. Ƙasar nan tafasa take yi."

Na tsuguna. Inda ruwan lemun ya ɗiga a kan fararen ɓarɓashin baraguzai, sai ƙananan kumfa ke tasowa, in ka kai kunne har tsss kake ji. Na karɓe lemun na bi filin lungu-lungu ina matsawa. A kan tokar jirgi, shiru. A lungun yamma, ruwan lemun ma ya ƙi shiga. A jikin katanga kaɗai, inda siminti da tsohuwar farar ƙasa suka yi yawa, nan ne take kumfa, kuma nan ne ganye ya yi ɗorawa. Sai bayan shekaru masu yawa wani jikana da ya karanta aikin gona ya ce min siminti yana kashe ɗan tsamin da ƙasa ke da shi, sai shuka ta kasa tsotso abincinta ko da yana nan a gindinta. A ranar dai ban san wannan ba, murna kawai nake yi na gano wani abu.

"Ka gano me?" in ji matata. "Ni dai na gano lemuna ya ƙare."

Na gaya wa babana. Ya saurara, ya kalli tuddansa. Na ce mu kwashe tokar nan da baraguzan mu zubar tun da sauran damina. Sai ya ɗago ya kalle ni kamar na zage shi.

"Mutum ya ba ka 'ya, ya ba ka gida, ya aiko maka da alheri a amalanke garin nan duk yana gani. Sai ka sa a ga amalanke yana fita da shi?"

"To Baba, doyar fa?"

"Doyar tawa ce. Kada in ji maganar nan ta fita daga gidan nan."

Kai, ranar na ji haushi, na kuma ji tausayinsa. Kullum da safe sai ya bi tuddan yana ɗaga yaɗon da ya kwanta yana naɗa shi a sanda, kullum kuma ana samun wanda ba zai sake tashi ba. Abinci ma ya rage ci.

Tunda an hana ni kwashewa, ba a hana ni dubawa ba. Na tara gwangwanayen madara, na huda gindinsu, na cika kowanne da ƙasar lungu daban, na jefa ƙwayar masara. Don kada in rikice, sai na ɗaura wa kowanne ƙyalle daga shago: baƙi na toka, fari na baraguzai, shuɗi na lungun yamma. Na jera su a kan katanga ina ba su ruwa daidai wa daida. Maƙwabta suka fara leƙowa. Wata tsohuwa ta tambayi matata a ɓoye ko wani ne ya ba ni wannan aikin don kasuwa ta buɗe.

Abin da ya fi damuna shi ne, ina ƙasar wurin ta ainihi? Ai dai ba a kan iska aka zuba tokar ba. Sai na yi dabara, na ce masai ya kusa cika, zan haƙa sabo a ƙarshen fili. Wannan ba wanda zai ce an raina masa kyauta. Na aro diga da shebur na shiga aiki. Kafin azahar tafin hannuna duk ya yi bororo, matata tana tsaye tana min sannu da dariya a bakinta.

Jama'a, ramin nan ya buɗe min ido. Da na wuce tokar surukina, sai na tarar da wata tokar, tsohuwa, wadda ta daskare, ashe waɗanda suka zauna kafin mu su ma sun zuba tasu. Ƙarƙashinta fasassun kwalabe, tangaran, ƙusoshi masu tsatsa, da tafin takalmin taya. Ta gefen yamma ƙasar baƙa ce mai danƙo, tana warin gareji. Daga baya na ji wani bakanike ya taɓa zama a wurin, nan yake tuttular da baƙin mai. Can ƙasa kuma diga ta yi tsalle a hannuna: tsohon daɓe ne, mai tauri kamar dutse, shi ke tare ruwa ya hana shi nutsewa. Na fasa shi da ƙyar. Sai da ramin ya kai min ƙirji sannan shebur ya fito da jar ƙasa mai laushi, mai sanyi.

Na cillo ta waje. Babana da ke zaune a kan turmi ya taso, ya damƙa, ya matse ta a hannu ta dunƙule, ya sake murza ta ta warware.

"Ci gaba da haƙa," ya ce. "Masan nan naka ya yi ƙanƙanta."

Na haƙa har ramin ya isa masan gidan haya. Da jar ƙasar babana ya tayar da sababbin tuddai kaɗan a gefe, ya bi sauran doyar da ke da sauran rai yana tono su a hankali da yatsu, yana mayar da su can. Ya ce bai taɓa yi wa doya ƙaura a tsakiyar damina ba, bai kuma taɓa jin wanda ya yi ba, amma wanda ke mutuwa ba ya zaɓen magani. Wasu suka ƙarasa mutuwa. Wasu suka yi kamar za su tafi, sai kuma suka fitar da sabon ganye, kore shar.

Ana cikin haka surukina ya zo gaishe mu wata Juma'a bayan masallaci. Ni kuwa shaf na manta da gwangwanayena. Suna nan jere a kan katanga, har da sabo mai jan ƙyalle na ƙasar rami, masararsa ta yi tsawon hannu. Ta farin ƙyalle ta fito a ƙanjame. Ta shuɗi ko tsirowa ba ta yi ba. Ta baƙi ta tsiro ta ƙone.

"Wannan kuma wace sana'a ce, tela?" ya tambaye ni yana dariya.

Na fara inda-inda. Ya ɗauki mai baƙin ƙyallen, ya zazzage kaɗan a tafinsa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kwasar abin nan, ai ba sai an gaya masa mene ne ba. Ya kalli baƙaƙen tuddai da sandunansu tsirara, ya kalli jajayen da ke gefe. Dariyar ta ɗauke. Ya mayar da gwangwanin inda yake, ya kakkaɓe hannu, ya yi wa babana sallama a gajarce ya fita.

Bai sake zuwa ba. In matata ta je gida sai ya amsa gaisuwa ya shige ɗaki. Babana bai yi min faɗa da yawa ba, cewa kawai ya yi, "Ka ga abin da son sani ya jawo." Matata kuwa ta kwashe gwangwanayen ta zuba a sabon ramin nawa, ta ce ai dama masai na ce.

Da kaka aka tona. Abin da aka samu bai rufe gindin kwando ba. Yawancinsu ƙanana ne, a murɗe, jikinsu duk tabo, domin saiwarsu ta zarce jar ƙasar ta shiga tokar da ke ƙasa, ƙurajen dutsen suka yayyanke su. Guda ɗaya ce ta fito lafiya lau, santala, kamar damtsen mutum, ba ko ƙwarzane.

A al'adarmu, doyar farko mafi kyau ta mai ƙasa ce. Ina ganin babana ya ware ta yana share mata ƙasa, na gane abin da zai yi.

"Baba, wannan ce fa kaɗai irin kirki. A kai masa ta kasuwa mana, wa zai gane?"

"Ni zan gane."

Ya sa wankakkiyar rigarsa, ya ɗingisa har Sabon Gari, ni ina biye da doyar a naɗe cikin zane. Surukina ya fito zaure. Da ya ga abin da aka kawo sai ya ja da baya.

"A'a, Malam, wannan ai iri ce. Don Allah ka mayar."

"Ƙasa naka ne, doya na farko naka ne," in ji babana.

Ka ga yadda mu ba mu iya mayar da tokarsa ba, haka shi ma bai iya mayar da doyarmu ba. Ya karɓa, ya yi godiya ƙasa-ƙasa, aka shiga da ita cikin gida. Muka kamo hanyar gida. Ina ta ganin doyar nan a cikin tukunyar surukata, da manja.

Sauran babana ya shimfiɗa su a inuwa a kan katako, yana juya su, yana dubawa. Amma doya mai rauni ba ta ajiyuwa. Ruɓa ta fara daga bakin tabon, ta bi ciki. Ya yanke inda ya ruɓe, ta sake ɓullowa ta wani gefen. Kafin zafin bazara ya yi nisa, ta ƙarshe ta zama ruwa a hannunsa. Ya wanke hannu, ya jingine garmarsa a bayan ƙofa, ya ce da ni in na sami mai so in bayar da ita. Wallahi ban taɓa ganin tsufa ya sauko wa mutum a fili kamar na ranar ba.

Hadari ya fara haɗuwa, aka yi ruwan farko, maƙwabta suka fita gona. Babana yana zaune a ƙofar ɗaki, ko bayan gida ba ya leƙawa. Sai wata safiya muka ji sallama. Surukina ne, rungume da wani abu a cikin buhu, a bayansa kuma masu amalanke, amalankensu ba komai a ciki sai shebur.

Ya zauna a tabarma kusa da babana, suka gaisa doguwar gaisuwa kamar jiya suka rabu. Sannan ya buɗe buhun. Doyar nan ce. Ta ɗan yamushe, amma lafiyarta ƙalau, kanta ya fitar da tsiro masu kauri, jaja-jaja.

"Malam," in ji shi, "kyauta ka ba ni, na karɓa, tawa ce, ba kuma mayarwa na zo yi ba. Sai dai ni ban iya noma ba. Roƙo na zo yi, ka shuka min."

Babana ya karɓe ta da hannu biyu. Ya juya ta, ya shafa tsiron da babban yatsa. Matata ta juya ta shige madafa, ina jin tana jan hanci.

"Waɗannan kuma," surukina ya nuna masu amalanke, "kayana na zo kwashewa. Ina da wani rami a Sabon Gari da ke buƙatarsu."

Babana ya ce in kawo wuƙa. Ya yanka doyar gunduwa-gunduwa, kowace da fatarta, ya jera a faifai. Sannan ya ɗaga murya ya ce da matata, "'Yata, kawo toka a shafe bakin yankan." Duk muka yi tsit, har masu amalanke. Ya kalli surukina ta gefen ido, ya ƙara da cewa, "Na murhu." Surukina ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Daga baya surukata ta ba mu labari. Tun ranar da aka kai doyar surukina ya sa ta a ɗakinsa, a kan wani katako da ya kafa kusa da taga, ya hana kowa shiga shara. Duk ranar kasuwa sai ya je wurin mata masu sayar da doya yana tambayar yadda ake ajiya, har suka fara tsokanarsa. Ashe ba fushi ya yi da mu ba, nauyin haɗa ido da babana yake ji.

Ni dai abin da na tsinta a wannan damina shi ne, ƙasar gari ba ƙasa ba ce zalla, tarkacen mutanen da suka riga ka ne, kowa da abin da ya zubar, yawanci ma da kyakkyawar niyya. Har yau in na ga ana haƙa harsashin gini a Tunga sai na tsaya na leƙa, yanzu leda da roba nake gani inda da toka ce. Jikokina suna jan hannuna suna cewa ina ba su kunya, ni kuwa ko a jikina.

Tsofaffin nan biyu sun daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansu. Doyar tana nan, 'ya'yana ke nomanta a Beji. Duk kaka, ta farko mafi kyau gidan surukina ake kai wa, wurin jikokinsa. Su kuma har yau ba sa dafa ta sai sun aiko sun ji cewa mun shuka, kuma ta tsiro.